Akwatin da Ke Ba Jiniyar Gargaɗi Umarni: Tambayoyi da Amsoshi

A garuruwa da yawa na Amurka da Turai da Japan akwai dogayen turaku masu ƙaho a kai, waɗanda ake kaɗawa idan mahaukaciyar guguwa ta doso gari, ko teku ta yi toroƙo, ko guba ta ɓalle daga masana'anta, ko an hango harin jiragen yaƙi. Jiniyar gargaɗi ke nan. Ido kan ƙahon yake tafiya, amma wanda ke karɓar umarni ya zartar da shi wani akwatin ƙarfe ne da ke maƙale a ƙugun turken. Tambayoyin da ke tafe a kan wannan akwati suke, da yadda ya tashi daga agogo mai haƙora ya zama ƙaramar kwamfuta.

Mene ne a cikin akwatin, kuma mene ne aikinsa?

Idan ma'aikaci ya hau tsani ya buɗe murfinsa, abin da zai fara cin karo da shi rediyo ne mai karɓa da aikawa, wayarsa ta bi turken zuwa eriya. Kusa da shi akwai allon da ke fassara saƙon da rediyon ya ɗauko, ya tantance ko da wannan jiniya ake ko da wata. Sai wani sashe da ke ƙirƙirar sautin, sai jerin amfilifaya, wato na'urorin da ke ƙara wa sautin ƙarfi, a jere kamar littattafai a kanta, kowace da fitilarta. A gefe akwai caja, da 'yan maɓallai da ake dannawa da hannu idan rediyo ya ƙi. Batura kuwa galibi nasu akwatin daban ne a ƙasa, saboda iskar da suke fitarwa tana cin wayoyi. A bakin ƙofar akwai ɗan makunni wanda da an buɗe zai sanar da ofis cewa wani ya taɓa akwatin.

Aikinsa shi ne ya ji umarni, ya tabbatar na gaske ne, ya fitar da irin sautin da aka nema na tsawon lokacin da aka nema, sannan ya koma ya faɗa wa ofis ko an yi ko ba a yi ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi daɗewa bai samu ba.

Kafin zuwan na'urorin zamani, da me ake sarrafa jiniya?

Tsohuwar jiniya inji ce. Fanka ce mai ramuka da ke juyawa a cikin gida mai ramuka, tana datse iska sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, datsewar ce ke zama kuka. Bafaranshe Cagniard de la Tour ya ƙera irin wannan na'ura a 1819, amma sai a Yaƙin Duniya na Biyu ta zama abin da birane ke dogaro da shi. Sarrafa ta bai wuce a ba injin wuta ko a ɗauke ba. A bar wutar ta zauna, sauti ya miƙe. A riƙa kunnawa ana kashewa, fankar ta riƙa ɗaukar gudu tana saki, sai ka ji kukan nan mai hawa da sauka da mutanen Landan suka sani a matsayin alamar jiragen Jamus sun taso.

Da farko mutum ne ke tsaye da agogo a hannu yana wannan kunnawa da kashewa. Daga baya aka ba agogo mai inji aikin. Ɗan ƙaramin injin lantarki ne ke juya wasu faya-fayai masu tudu da kwari a bakinsu, kowane faifai da ɗan makunni kwance a kansa. Tudu ya zo, makunni ya danne, babban makunnin injin jiniyar ya haɗu da ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe. Kwari ya zo, ya saki. Faifan ya gama zagaye, minti uku sun cika, komai ya tsaya. Agogon AR na kamfanin Federal, wanda ya yi aiki da dubban jiniyoyi a Amurka lokacin Yaƙin Cacar Baka, a kan wannan tsari yake.

Jiniyoyin wancan zamani manya ne. Thunderbolt, wadda Federal ya fito da ita a 1952, injuna uku gare ta: mai hura iska, mai datse ta, da mai juya ƙahon. Ta kamfanin motoci na Chrysler kuwa injin mota ne sukutum mai silinda takwas, ƙarfin kukanta yana kai desibel 138 a nisan ƙafa 100, wato kimanin mita 30.

Ta wace hanya umarni ke zuwa daga ofis zuwa turke?

Hanyar farko wayar tarho ce. Hukuma takan yi hayar layi daga kamfanin tarho, a ja shi zuwa kowace jiniya, ana biyan kuɗinsa wata-wata ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Birtaniya ta yi wata dabara mai kyau a nan: tsarinta mai suna HANDEL ya bi ta layukan da ke ɗauke da agogon tarho mai faɗin lokaci, don haka idan layin ya lalace jama'a ne za su fara lura su yi ƙorafi. Daga ofisoshin 'yan sanda ake kaɗa jiniyoyin. An rufe tsarin a 1992.

Matsalar waya a bayyane take. Iskar da ake son a gargaɗi mutane a kanta ita ce ke tsinka layin. Shi ya sa aka koma rediyo irin na oba-oba. Tsarin farko sautuka biyu ne a jere: ofis ya aika sauti na ɗaya, sannan na biyu, akwatin da aka saita wa waɗannan biyun ya farka. Sai aka ɗauko DTMF, wato sautukan da maɓallan tarho ke fitarwa idan an danna su. Da su ana iya tsara lambobi, kowace jiniya da tata, kowace unguwa da tata, da kuma lambar da ke tada kowa da kowa. Daga nan sai FSK, inda saƙon ke tafiya a matsayin bayanan kwamfuta cikin ƙasa da daƙiƙa. A yau ana haɗawa da layin salula, intanet da tauraron ɗan'adam, kuma mai hankali ba ya dogara da hanya ɗaya.

Yaushe jiniyar lantarki zalla ta fito?

A shekarun 1970. Kamfanin Whelen da ke jihar Connecticut yana cikin na gaba-gaba, sannan Federal ya biyo a farkon shekarun 1980 da akwatin SiraTone da jerin ƙahonnin EOWS. Wannan jiniya ba ta da fankar da ke datse iska. Tsarinta ɗaya da lasifikar masallaci: abin da ke samar da sauti, amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, da ƙaho mai watsa shi. Bambancin ƙarfi ne kawai, domin amfilifaya ɗaya tana ba da wat 400, kuma babbar jiniya tana ɗaukar da yawa daga cikinsu.

Abubuwa biyu suka tura kasuwarta. Na farko tiransista masu ɗaukar wuta mai yawa, wato 'yan kayan haɗin da ake yin amfilifaya da su, sun yi araha. Na biyu hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, ranar 28 ga Maris 1979. Bayansa hukumomin Amurka suka wajabta cewa kowace tashar nukiliya ta iya sanar da mazauna cikin mil 10 da ke kewaye da ita a cikin kimanin minti 15. Wannan yana nufin jiniyoyi da dama a ƙauyuka da gonaki inda jawo babbar wuta ke da tsada. Jiniyar da ke aiki da batir, wadda kuma ake tayarwa ta rediyo, ta zo daidai da bukata.

Me ya bambanta akwatunan farko da na yanzu?

A na farko, sautin daga da'irar lantarki yake fitowa kai tsaye, 'yan kayan haɗi ne ke ƙayyade kaurinsa. Idan zafi ya yi yawa ko kayan sun tsufa, sautin yakan kauce, har ka ji jiniyoyi biyu iri ɗaya a gari ɗaya ba sa kuka iri ɗaya. Canja lambar jiniya ko tsawon kukanta sai an je da hannu an juya 'yan makunnai ko an sauya allo.

Da ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta shiga akwatin, duk waɗannan suka zama rubutu a manhaja. Ana ganin sauyin a jerin kayan Whelen daga ESC-864 zuwa ESC-2020 da ESC-2030, da na Federal daga SiraTone zuwa MC har zuwa UltraVoice. Ma'aikaci ya jona kwamfutar tafi-da-gidanka, ya zaɓi sautuka, ya ɗora saƙonnin murya da aka naɗa, ya ware wa kowace unguwa lambarta. Amfilifayoyin ma sun sauya zuwa irin waɗanda ba sa ɓarnar wuta ta zama zafi, don haka batir ɗaya ya fi daɗewa. Wani alheri kuma shi ne kowace amfilifaya da nata ƙahon, in ɗaya ta ƙone saura su ci gaba, sautin ya ragu amma bai ɗauke ba.

Yaya ake sanin jiniya tana da lafiya ba tare da an tada hankalin gari ba?

A ganina nan ne ci gaban da ya fi kowane muhimmanci yake, ko da yake ba shi ne ake tallatawa ba. A zamanin agogo mai haƙora, ofis ya danna maɓalli ne kawai ya sa rai. Hanyar sanin ko jiniyar ta yi kuka ita ce a tura mutum ya tsaya a gindinta, ko a jira maƙwabta su kira. Jiniya tana iya mutuwa washegarin gwaji, ba wanda zai sani sai wata mai zuwa, ko sai ranar da aka neme ta da gaske.

Akwatin zamani yana mayar da amsa. Ofis yana bin su ɗaya bayan ɗaya ta rediyo, sau da yawa kullum, kowanne ya faɗi ƙarfin batirinsa, ko wutar gari na nan, ko caja na aiki, ko an buɗe ƙofa. A taswirar da ke allon ofis kowace jiniya ɗigo ce, ta yi kore ko ta yi ja. Akwai kuma gwajin shiru: akwatin ya tura wa ƙahonni siririn sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen mutum, ya auna wutar da kowanne ya ja. Wanda bai ja ba ya ƙone ko wayarsa ta tsinke. A jiniyar inji kuwa akan ɗan taɓa injin na ɗan lokaci, ya yi gurnani ya tsaya kafin kukan ya tashi.

Duk da haka ba a daina gwajin fili ba, domin shi jama'a yake koyarwa. A Holan ana yi ranar Litinin ta farkon kowane wata da ƙarfe 12 na rana. A Suwidin sau huɗu a shekara, a Suwizalan ranar Laraba ta farkon Fabrairu. Garuruwan Japan da yawa suna sa ɗan kiɗa a lasifikokinsu da yamma, galibi ƙarfe 5, yara su san lokacin komawa gida ya yi, hukuma kuma ta san layinta na aiki.

Ke nan jiniyar inji ta zama tarihi?

A'a. Har yanzu ana ƙera ta ana saye, saboda kaurin kukanta yana tafiya nesa kuma kayanta suna jure shekaru. Abin da ya faru shi ne ta samu irin akwatin da 'yar'uwarta ke da shi. Jerin jiniyoyi mai suna 2001 da Federal ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 yana juyawa da batura masu bol 48, ana tada shi ta rediyo, yana kuma mayar da rahoto. Akwai garuruwan da suka bar tsohuwar jiniyarsu ta shekaru hamsin a kan turke, suka sauya mata akwati kaɗai.

Muryar mutum ba ta fi kukan jiniya amfani ba?

Ta fi bayani, amma ba ta kai shi nisa ba. Magana tana bukatar a ji kowane harafi, alhali bango yana mayar da amo, iska tana kwashe wani sashe, kuma idan turaku biyu suna magana tare wanda ke tsakaninsu yana jin saƙon sau biyu a haɗe. Shi ya sa ake fara kaɗa jiniya a jawo hankali, sannan a faɗi gajeren saƙo a hankali, a maimaita. Muryar ta fi dacewa da wurare masu iyaka: makarantu, barikin soja, matatun mai, bakin teku inda baƙi ba su san ma'anar sautukan ba.

Wani zai iya yin kutse ya kaɗa su da gangan?

An yi. Daren Juma'a 7 ga Afrilu 2017, wajen ƙarfe 11:40, jiniyoyi 156 na birnin Dallas a jihar Texas suka ɗauki kuka gaba ɗaya, suna yi suna tsayawa har kusan awa ɗaya da rabi. Babu guguwa a ko'ina. Dubban mutane suka kira layin gaggawa na 911, har masu matsala ta gaske suka riƙa jira. Sai da aka kashe tsarin ɗungurungum. Hukumomin birnin sun ce ta siginar rediyo aka shigo, ba ta intanet ba. Saƙon tada jiniyar a buɗe yake tafiya, duk mai rediyo da ya ji shi zai iya naɗa ya sake aikawa.

Shekara guda bayan haka, a Afrilun 2018, kamfanin tsaro na Bastille ya bayyana wani rauni da ya kira SirenJack a kayan kamfanin ATI Systems. Mai binciken ya riƙa sauraron gwajin da birnin San Francisco ke yi a wancan lokaci kowace Talata da tsakar rana har ya gano tsarin saƙon, ya nuna cewa kwamfuta da ɗan rediyon hannu mai araha sun isa. Kamfanin ya fitar da gyara. A Maris 2019 kuma aka sake kaɗa jiniyoyin garuruwan DeSoto da Lancaster, duk a Texas, cikin dare.

Maganin sananne ne: a kulle saƙon da mabuɗin sirri, a sa masa lokaci ko lambar da ke sauyawa, ta yadda saƙon jiya ba zai yi aiki yau ba. Akwatunan yanzu suna iya wannan. Damuwar ita ce tsofaffin da har yanzu ke kan turaku, domin sauya su kuɗi ne, kuma ƙaramar hukuma ba ta cika ganin gaggawar gyara abin da bai lalace a idonta ba. Illar ƙaryar jiniya ta wuce hana barci. Mutumin da aka tasa a banza sau biyu, karo na uku zai juya ya ci gaba da barcinsa.

Yanzu kwamfuta ce ke yanke shawarar kaɗawa?

A wasu wurare, e. Tun watan Oktoba 2007 hukumar yanayi ta Amurka ke zana gargaɗin guguwa a taswira da iyakar inda haɗarin yake, maimakon ta ambaci gunduma sukutum. Manhajar ofis tana iya ɗaukar wannan zane ta kaɗa jiniyoyin da suka faɗo cikinsa kaɗai. A Japan tsarin J-Alert, wanda ya fara aiki a 2007, yana aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ya tada lasifikokin ƙananan hukumomi da kansa, domin a girgizar ƙasa ko harbin makami mai linzami babu lokacin neman izinin kowa.

Amma a mafi yawan wurare mutum ne ke riƙe da maɓallin, kuma nan ake samun abin da akwati ba ya gyarawa. Jihar Hawaii tana da jiniyoyi sama da 400, ana gwada su duk wata. Ranar 8 ga Agusta 2023 gobara ta cinye garin Lahaina, mutum kimanin 100 suka rasu, ba a kaɗa ko ɗaya ba. Hukumar agajin gaggawa ta yankin ta ce ta ji tsoron mutane za su ɗauka igiyar ruwan tsunami ce su gudu tudu, inda wutar take. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, ta nuna cewa an koya wa jama'a ma'ana ɗaya tak ga kukan jiniyar. A Joplin ta jihar Missouri kuwa, ranar 22 ga Mayu 2011, da mahaukaciyar guguwa ta doso garin an kaɗa, amma binciken hukumar yanayi ya gano da yawa ba su nemi mafaka da jin kukan farko ba, sai da suka nemi tabbaci daga wani wuri, saboda sun saba jin ta ba abin da ya biyo baya. Mutum fiye da 150 suka mutu.

Tunda kowa na da wayar salula, me ya rage wa jiniya?

Jamus ta yi wannan lissafi ta ga sakamakonsa. Bayan Yaƙin Cacar Baka gwamnatin tarayya ta sakar wa ƙananan hukumomi jiniyoyinta, aka cire da yawa. A ranar gwajin ƙasa baki ɗaya ta 10 ga Satumba 2020, birane da dama shiru aka ji, saƙon manhajar waya kuma ya makara. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutum sama da 180 a ƙasar, mafi yawa a kwarin kogin Ahr, cikin dare, wuta da layukan waya sun ɗauke. Bayan nan aka ci gaba da zuba kuɗi a sababbin jiniyoyi masu batir, aka kuma fara aika gargaɗi kai tsaye ga dukkan wayoyin da ke yanki. Waya tana ba da bayani, amma tana iya kasancewa a kashe ko babu caji ko babu sabis. Jiniya kuma don na waje aka yi ta, ba a ba da tabbacin za ta tada mai barci a ɗaki rufe. Kowace tana rufe ɓarakar ɗayar.

Irin wannan zai yi aiki a ƙasashenmu?

An riga an gwada a kusa. Bayan iskar gas mai shaƙe numfashi da ta fito daga tafkin Nyos na Kamaru ta kashe mutum sama da 1,700 a watan Agusta 1986, an kafa na'urori masu aiki da hasken rana a bakin tafkin da ke auna iskar su kaɗa jiniya idan ta yi yawa. Inda bukatar ta fi fitowa fili a wajenmu shi ne garuruwan da ke ƙasan madatsun ruwa. Ruwan dam ɗin Alau ya shiga Maiduguri cikin dare a Satumbar 2024, mutane na barci. Mazauna bakin Binuwai kuma sun san abin da sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru ke nufi tun 2012. Ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, kuma wannan lokacin ne jiniya ke saya wa mutane.

Akwatin zamani ya dace da mu ta fuska ɗaya: da faifan sola da batir ba ya jiran wutar gari. Saƙon murya kuma ana iya naɗa shi da Hausa, Kanuri, Fulatanci ko Zabarmanci. Sai dai wanda zai kawo shi ya fara amsa wasu tambayoyi kafin ya sa hannu a kwangila: wa ke da ikon danna maɓalli da ƙarfe biyun dare, ina za a ce wa mutane su nufa, wa zai tsare faifan da baturan daga ɓarayi, kuma daga wane asusu za a riƙa biyan gyara bayan bikin buɗewa.

Me ke fara lalacewa a cikinsa?

Batir, da nisa. Shekaru kaɗan yake yi ko a ƙasa mai sanyi, zafi kuma yana rage masa kwana sosai, balle a akwatin ƙarfe da ke shan rana tun safe. Mugun halinsa shi ne yana iya nuna cikakken caji a ma'auni, amma da amfilifayoyi sun ja wuta ya zube cikin daƙiƙu, don haka gwajin da ke da amfani shi ne wanda ake yi da nauyi a kansa. Sai tsawa, domin turke mai tsawo da eriya a kai yana jawo ta, kuma idan wayar da ke kai wuta ƙasa ta yi tsatsa allon ne ke ƙonewa. Sai ruwa da ƙura da ke shiga ta robar ƙofa da ta bushe, da tururuwa da zanzaro da ke gida a kan allo, da tsuntsayen da ke sheƙa a bakin ƙaho idan ragar ta yage. Ƙahonnin kansu suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, jiniyar tana ci gaba da kuka amma da'irar da take kaiwa tana raguwa. Akwatin zai rubuta wannan a rahotonsa na safe, da lambar turken da lambar amfilifayar, sai dai dole a samu ma'aikacin da aikinsa ne ya karanta rahoton, da mota da tsani da batir na canji a sito.